Dole Ne Mai Gaskiya Ya Samu Shago da 'Yar Alhaji a Ƙarshen Labari?

Malam Ƙarami, Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, ku yi haƙuri da tsawon rubutun.

Wasunku sun san ina da ajin dare bayan sallar isha a nan Agege. Samari ne kusan ashirin, galibinsu 'yan ci-rani: masu dako, masu tura ruwa, masu gyaran takalmi, da waɗanda suka sauka daga acaɓa tun da gwamnatin Legas ta hana shi a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022. Muna taɓa Ahalari, muna taɓa karatun boko kaɗan. Abin da na lura shi ne, duk daren da na ɗauko nasiha kan riƙon amana ko tattalin kuɗi, kafin minti goma rabin ajin ya fara gyangyaɗi. Ban ga laifinsu ba, mutum ya wuni da buhu a ka. Amma da zarar na ce "an yi wani yaro a garinsu", sai ka ga idanu sun buɗe.

Shi ne na zauna na ƙaga labari. Wani yaro Habu ya zo Legas yana dako a kasuwar Mile 12. Ran nan ya tsinci jaka maƙare da kuɗi a ƙarƙashin motar tumatir. Ga mahaifiyarsa kwance ba lafiya a gida, ga abokai suna zuga shi. Ya cije, ya nemi mai jakar ya mayar masa. Alhajin ya ji daɗi, ya buɗe masa shago, bayan shekara biyu ya aura masa 'yarsa.

Daren Laraba na karanta musu. Ina gamawa sai wani yaro, mai shiru-shiru ne ma, ya ce, "Malam, ni fa na taɓa mayar da waya. Mai ita ya ce ai ni na zare ta, tsoro ne ya sa na dawo da ita. Ba don wani dattijo ba, da ya yi mini ihun ole, wato ɓarawo." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Shi wannan alhajin naka a wane layi yake?"

Ajin ya fashe da dariya. Ni kam ban iya dariyar ba, don kun san abin da ihun ole yake jawowa a garin nan. Tun daren abin yake cina. Ƙarya na yi musu ke nan? In kuma na cire shagon da auren, me ya rage da zai sa yaro ya so ya zama Habu?

Mai Tumatir, Mile 12:
Wa alaikumus salam. Hhhh Malam, yaron nan ya iya tambaya. Shekarata goma sha bakwai a kasuwar nan, ban taɓa ganin alhajin da ya ba ɗan dako 'yarsa ba. Na ga wanda ya ba da dubu biyu da "Allah ya yi albarka". Na ga wanda ya ƙirga kuɗinsa sau biyu a gaban yaron yana harararsa. In ka gano layin ka turo mini, ina da ƙanne.

Maman Ilham, Idi-Araba:
Haba Alhaji, ka mayar da abin wasa. Malam, ni ban ga aibin labarinka ba. Wace tatsuniya ce kakanninmu suka yi mana da ba haka take ƙarewa ba? 'Yar bora ta yi ladabi ga duk abin da ta gamu da shi a hanya, ta dawo gida da dukiya da 'yan rakiya. 'Yar mowa ta yi tsiwa, ta dawo da abin kunya. Wa ya taɓa tashi ya ce wa kakarsa maƙaryaciya? Da haka aka raine mu, ba mu lalace ba.

Kuma fa abin yana faruwa. Ba a 2023 ba ne wani ɗan a-daidaita-sahu a Kano ya mayar da kusan naira miliyan 15 da wani ɗan kasuwa daga Chadi ya manta a babur ɗinsa? Kowa ya ga yadda aka yi ta yi masa alheri. Yaran nan sun sha baƙin cikin Legas da rana, da dare kuma ka ƙara musu? A bar su su kwana da fata mana.

Mai Tumatir, Mile 12:
Hajiya, ai shi ya sa ya shiga rediyo da jaridu, don ba a saba gani ba. Nawa ne suka mayar ba wanda ya ji? Shi ɗin ma, ba ki ji masu ce masa ya yi wauta ba?

Abu Sumayya, Alaba Rago:
Ni ina ganin an bar jaki ana dukan taiki. Kuna gardama kan yadda labarin zai ƙare, ba wanda ya tambayi halaccin ƙago shi tun farko. Malam, da girmanka, Habu akwai shi? Babu. Alhajin akwai shi? Babu. To me ake kiran faɗin abin da bai faru ba? Akwai hadisi a Abu Dawud da Tirmizi da ya yi kashedi mai tsanani ga wanda yake ba da labari yana ƙarya don ya ba mutane dariya. Muna da ƙissoshin annabawa, muna da tarihin sahabbai, muna da hadisin mutum ukun nan da dutse ya rufe musu bakin kogo, wanda ɗaya daga cikinsu ma riƙon amanar ladan ma'aikaci ne ya yi tawassuli da shi. Me ya kai mu aron Habu alhali taskarmu a cike take?

Baba Tsohon Malami, Ebute Metta:
Ɗana Abu Sumayya, Allah ya ƙara maka kishin addini. Amma bari in tambaye ka, a zauren da ka yi karatu ba a karanta Muƙamatul Hariri ba? Mu dai an karanta a gabanmu, kuma malamin da ya kai ga Muƙama a lokacinmu, an san ya yi nisa a lugga. Hariri mutumin Basra ne, ya rasu a 1122 miladiyya. Muƙama hamsin ya rubuta, dukkansu kan wani Abu Zaid da ya ƙago, ɗan duniya mai zaƙin baki da yake yawo gari-gari yana damfarar mutane da fasaha. Tun a gabatarwar littafin ya san za a yi masa irin wannan suka taka, ya kare kansa da cewa ai labaran da ake sa wa a bakin dabbobi ba wanda ya ce zunubi ne sauraronsu, kuma ayyuka suna bin niyya. Kalila wa Dimna fa? Ibn Muƙaffa ya mayar da shi Larabci daga Farisanci tun ƙarni na 8, asalinsa daga Indiya. Dila da zaki da sa suna magana a ciki. Malamai nawa suka karanta shi ba su ce a ƙona ba?

Ƙarya ita ce ka faɗi abu don a ɗauka ya faru alhali bai faru ba. Wanda ya ce "ga ta nan ga ta nanku", aka amsa masa "ta zo mu ji ta", sun yi yarjejeniya da mai sauraro tun daga bakin ƙofa. Har a ƙarshe ma muna cewa ba don gizo ba da na yi ƙarya. Ka ga ko kakanninmu sun san da maganar, sun kuma toshe ta.

Abu Sumayya, Alaba Rago:
Baba, Allah ya ƙara girma. Na karɓi wannan, da sharaɗi biyu: Malam ya faɗa musu ƙarara cewa ƙirƙira ce, kuma kar a jingina komai ga Annabi (SAW) ko wani sahabi ko wani waliyyi, irin saƙonnin nan da ake turawa a WhatsApp marasa asali.

Amma har yanzu ina da magana kan shagon. Yaron da ya mayar da jaka don yana hango shago, amana ya riƙe ko ciniki ya yi? Ranar da lissafin ya nuna masa cewa riƙe jakar ya fi riba, me zai hana shi? Annabi Yusuf ya ƙi saɓo, abin da ya fara biyo baya kurkuku ne na shekaru, ba kyauta ba. Na san za a ce ai daga baya ya samu mulkin taskokin Masar. Haka ne. Amma Alƙur'ani bai tsallake rijiya da bauta da kurkuku ba. Malam shi ya tsallake, daga jaka sai shago.

Hajiya Mai Atamfa:
Salam 'yan uwa, sabbin atamfofi da leshi sun iso, ana kaiwa har gida ko'ina a Legas. Mai so ta yi mini magana ta gefe.

Admin:
Hajiya, ranar talla Asabar ce. Na bar wannan, na gaba zan goge. A ci gaba.

Ɗalibar Akoka:
Ina neman afuwar manya, zan sa baki. Wannan matsalar ba ta Malam kaɗai ba ce, ita ce matsalar duk littattafan nan na gina kai da ake tallarsu a gosulo da ƙarƙashin gadar Ojuelegba. Da yawansu labari ne aka ƙaga aka cusa darasi a ciki. Na karanta na George Clason, na attajirin birnin Babila. Ba-Amurke ne, ya fara fitar da labaran a 1926 a matsayin ƙananan takardu, bankuna da kamfanonin inshora suna raba wa mutane. Wato tun asali akwai masu cin riba in ka yarda da darasin. Darasin kuwa shi ne ka ware ɗaya bisa goma na duk abin da ka samu kafin ka taɓa sauran.

Tsakani da Allah ya amfane ni. Mahaifiyata ta shekara tana ce mini in riƙa ajiya, ban ji ba, sai da wani Bababile da bai taɓa rayuwa ba ya faɗa. Da na ba ta labari sai ta ce, "Au, adashi ne sai da Bature ya rubuta kika gane?"

Dalilin da nake gani labari ya fi nasiha shiga shi ne, nasiha da kai take magana, sai ka ɗaure fuska ka fara kare kanka. Labari kuwa da wani yake, sai ka saki jiki, kana yanke wa Habu hukunci ba ka san kanka kake yanke wa ba. Amma wannan ƙofar da alheri yake shiga, ta nan yaudara ma take shiga. Marubuci shi ne yake riƙe da ƙaddarar kowa a littafinsa. In ya ga dama mai tashi da asuba ya yi arziki, mai barci ya tsiyace. Ba abin da ya tabbatar, shi ya tsara hakan. A littafin Babila ba wanda ya ajiye kuɗinsa hauhawar farashi ta cinye rabinsa. Mu kuwa a 2024 ta haura kashi 30 cikin ɗari. Abin da na tara don sayen kwamfuta, da na je kasuwa sai na tarar farashin ya riga ni gudu.

Kuma abin da ya fi ba ni haushi, in ba ka yi nasara ba littafin ya riga ya tanadi amsa: laifinka ne, ba ka yarda da kanka ba.

Direban Tanka, Apapa:
Ni ba ɗan boko ba ne sosai, da murya nake turo wannan yarona yake rubutawa. Mu a layin lodi mukan kwana biyu, wani lokaci uku, ba abin da ke ɗebe mana kewa sai littattafan Hausa da ake karantawa a YouTube. Na saurari fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Malam, in gaya maka gaskiya, da zarar na ji marubuci ya tsayar da labari ya ce "a nan ya kamata mu gane cewa", sai in matsa gaba. Ba don na ƙi gaskiya ba. Wa'azi ina da inda nake zuwa jin sa ranar Juma'a, kuma liman ya fi marubucin iyawa.

Akwai wani labari da na ji, har sunansa ya ɓace mini, na wani mutum da yake tafiye-tafiye, duk dawowar da zai yi sai ya tarar ɗansa ya ƙara nisa da shi, har ranar da yaron ya gaishe shi kamar baƙo. Ba inda aka ce "ku riƙa kiran iyalanku". Amma a daren na kira gida, na ce a ba ƙaramar waya. Yanzu ko ina Ore ko ina Lokoja sai na kira. Mutumin cikin labarin bai samu komai ba a ƙarshe, ni ne na samu.

Anti Nas, Idi-Araba:
Na daɗe ina karantawa ban yi magana ba, amma maganar Maman Ilham ta tsaya mini a rai. 'Yar uwa, labari mai daɗin ƙarshe ba kullum yake zama marar illa ba, musamman a wajenmu mata.

Ni littafi ne ya sa na zama abin da na zama. Ina 'yar sakandare na karanta Wa Zai Auri Jahila? na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, labarin yarinyar da aka cire daga makaranta aka yi mata auren dole, ta gudu, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. A ƙarƙashin bargo na gama shi, na ce ni ma sai na sa fararen kayan nan. Don haka ba wanda zai gaya mini cewa littafi ba ya gina mutum.

Amma ina da ƙawa, tare muka taso, ita kuma irin nata littattafan su ne na matar da miji yake wulaƙantawa, ta yi ta haƙuri, a babin ƙarshe ya dawo yana kuka yana neman gafara, ya kai ta Makka. Shekara tara tana jiran babin ƙarshen nan. Ni da hannuna na wanke mata ciwo fiye da sau ɗaya. Duk lokacin da na ce ta kai magana gaban manya sai ta ce mahaƙurci mawadaci. Haƙuri gaskiya ne, addini ne. Amma an sayar mata da shi haɗe da alkawarin da ba Allah ne ya yi mata ba, marubuciya ce ta yi.

Maman Ilham, Idi-Araba:
Subhanallahi. Allah ya kawo mata mafita. Anti, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ban musa miki ba. Amma ina tsoron inda irin wannan maganar take kaiwa. A 2007 an tara littattafan Hausa an cinna musu wuta a Kano, zamanin gwamnatin Malam Shekarau, da sunan gyaran tarbiyya. Marubutan nan mata kullum su ne abin zargi: in sun rubuta soyayya a ce sun lalata yara, in sun rubuta haƙuri a ce sun kashe mata. Alhali da yawanmu a littattafan nan muka iya karatun Hausa, ba a aji ba. 'Ya'yana da aka haifa a nan, Yarbanci da Turancin Buroka sun fi zama a bakinsu, da labari nake jawo su.

Kuma ku duba labaran da suke cin gasar Hikayata ta BBC Hausa tun da aka fara ta a 2016, ai matan ba romon baka suke rubutawa ba. Ni dai abin da na tsaya a kai, Ilham shekararta bakwai. Ba zan ba ta labarin da mai gaskiya ya ƙare a hannun 'yan sanda ba.

Anti Nas, Idi-Araba:
Ilham daban, ɗan shekara ashirin da aka kusa yi wa taron dangi a kan waya daban. Ni ma ba zan ba Ilham ba.

Baba Tsohon Malami, Ebute Metta:
To ga inda gizo yake saƙar, Anti ta taɓo shi. Malam Ƙarami, tuwon yara ka tuƙa wa manya.

Bari in ɗan koma baya, ku yi haƙuri da tsoho. A 1933 aka nemi malamai su rubuta ƙagaggun labarai na Hausa, wani Bature, Rupert East, ne ya jagoranci abin daga Zariya, littattafai biyar suka fito. Ɗaya daga cikin marubutan kullum kuna wucewa ta dandalin da aka sa wa sunansa a cikin Eko, kuma hotonsa ne a jikin naira biyar, in har yanzu akwai mai ganinta. Abubakar Tafawa Ɓalewa, shi ya rubuta Shaihu Umar. Littafin tarbiyya ne daga farko har ƙarshe, haƙuri da neman ilmi da dogaro ga Allah. Amma ku tuna abin da ya samu mahaifiyar Umar. Ta bar gida ta bi sawun ɗanta, ta faɗa hannun masu cinikin bayi, ta ƙetare sahara cikin wahala, kuma da ƙyar suka sadu ta rasu. Ba shago, ba Makka. Na koyar da littafin nan shekaru, ban taɓa kaiwa wurin nan ajin bai yi tsit ba. Kuma ban taɓa jin ɗalibi ya ce to ashe son ɗa asara ne ba.

Shi kuwa Abubakar Imam wata hanyar ya bi. A Ruwan Bagaja jarumin nasa ba waliyyi ba ne, shi da Malam Zurƙe cutar juna suke yi gari-gari, kana dariya kana gane halin mutane. A Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, dubi dabarar: aku ne yake riƙe ɗan sarki da labari dare bayan dare don kar ya fita ya faɗa tarkon waziri. Da akun ya ce "kada ka fita, haɗari ne", da yaron ya fice tun daren farko, don ya fi ƙarfin a hana shi. Labarin ne ya zaunar da shi. Maganar Direba ke nan. Maƙwabtanmu Yarbawa ma a daidai lokacin, 1938, Fagunwa ya fito musu da labarin maharbi a dajin aljanu, cike da hikima, har yau suna ji da shi.

Ba na ce a hana mai gaskiya jin daɗi a labari ba. Cewa nake kada a biya shi da kuɗin da ba a kashewa a Mile 12.

Malam Ƙarami, Agege:
Na gode ƙwarai, kowa da kowa. Kwana biyu ban leƙo ba, ina gyara ne. Ga yadda ya koma, a taƙaice.

Habu ya mayar da jakar. Alhajin ya ƙirga, ya ce dubu ashirin ba ta cika ba. Ko shi ne ya manta ya taɓa, ko wani ya riga Habu gani, labarin bai faɗa ba. Aka tafi da Habu caji ofis, ya kwana, sai da shugaban 'yan dako da wasu dattawa suka je suka tsaya masa. Da ya fito abokai suka sa masa suna "Mai Jaka", duk inda ya gifta sai dariya. Ranar bai yi aiki ba, abin da ya iya tura wa mahaifiyarsa a satin dubu uku ce. Da dare ya kwanta a kan kwali, ya lissafa abin da kuɗin nan za su yi masa da ya riƙe, ya yi kuka.

Akwai wani mai shayi da duk abin ya faru a idonsa, bai ce uffan ba. Bayan kamar wata biyu aka yi masa rasuwa a gida, tafiya ta kama shi ba shiri. Ya duba duk yaran da suke zama a bencinsa, ya kira Habu, ya miƙa masa makullin akwatin kayan shayin da littafin masu bashi, ya ce, "Sati biyu zan yi." A nan na tsaya.

Abu Sumayya, Alaba Rago:
Ya fi na farko nesa ba kusa ba. Amma Malam, har yanzu ka biya shi, ka dai rage farashi ne. Daga 'yar alhaji zuwa tukunyar shayi.

Mai Tumatir, Mile 12:
A'a Ustaz, a nan kam ban bi ka ba. Wannan ba biya ba ne, haka kasuwa take. Bari in gaya maka yadda muke yi. Mutum yana Kano ko Katsina zai loda mota guda ta tumatir ko tattasai ya turo mini, ba takarda, ba lauya, waya kawai. In sayar, in cire la'adata, in tura masa kuɗinsa. Kayan gwari ne, in farashi ya faɗi kafin azahar, maganata ce kawai shaida. Me ya sa yake turo mini ba ya tura wa na kusa da ni? Don shekara da shekaru ana kallo. Ba wanda zai ce maka yana kallonka. Ni kaina da dako na fara, kuma ba jaka na tsinta ba, canjin naira ɗari biyu na mayar wa wani dillali da ya yi kuskuren ƙirga, ya karɓa ko na gode bai ce ba. Bayan shekara guda shi ya fara aike na banki. Makullin mai shayin nan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. 'Yar alhaji ce ban yarda da ita ba.

Abu Sumayya, Alaba Rago:
Na ji, Alhaji. Amma akwai wanda zai mayar kuma ba mai shayin da ya gani. Shi ma yana bukatar labarinsa.

Ɗalibar Akoka:
Wannan kam sai dai Ustaz ya rubuta mana shi da kansa, tunda yanzu ya halatta.

Abu Sumayya, Alaba Rago:
Ƙanwata, ki kiyaye ni.

Maman Ilham, Idi-Araba:
Ni wallahi kwanan caji ofis ɗin nan ya yi mini nauyi. Malam, ba ka tsoron yaran su ce to gara mu riƙe?

Malam Ƙarami, Agege:
Hajiya, wasu sun faɗa. Jiya na karanta musu, na kuma fara da cewa ƙirƙira ce kamar yadda Ustaz ya nema. Ba wanda ya yi gyangyaɗi. Ajin da muke tashi ƙarfe goma, sai da mai gadin masallaci ya zo ya kore mu sha ɗaya saura. Mutum huɗu suka ce Habu wawa ne. Wani ya ce ba wawa ba ne, kuskurensa ɗaya, da ya kai jakar wurin shugaban kasuwa da shaidu maimakon ya tunkari alhajin shi kaɗai, kuma nan take suka shiga tsara yadda mutum zai yi in ya tsinci abu a Legas ba tare da ya jefa kansa a masifa ba. Wannan ko a mafarki ban shirya shi ba. Wani kuma ya ce shi tsoronsa littafin bashin, don abokan da suka yi wa Habu dariya su ne za su fara zuwa shan shayi kyauta.

Shi yaron mai waya bai ce komai ba har muka tashi. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce, "Malam, sati biyun nan da mai shayi zai yi, ka rubuta?" Na ce ban rubuta ba, ban ma san me zai faru ba. Ya ce shi ya sani, don ya taɓa riƙe wa wani teburi a Oshodi. Rubutunsa bai yi ƙwari ba tukuna, don haka muka yi da shi zai faɗa a waya da murya, ni in kwafe. Ya ce zuwa Laraba.

Direban Tanka, Apapa:
In ya yi a turo muryar nan yadda take, kar a gyara. Ina layi har jibi.

Maman Ilham, Idi-Araba:
To Malam, ka gaya masa saƙona. Duk abin da zai yi da masu bashi ya yi, amma kar ya kashe mini mahaifiyar Habu.